Foti, silikon ko washa kawai: me ke zama lafiya da robar magudanar bahon wanka?

Duk abin da aka shafa a bakin magudanar bahon wanka, ranar farko yana riƙe ruwa. Foti, wato kwaɓaɓɓen gari da mai na masu aikin famfo, yana riƙewa, silikon yana riƙewa, kai har gam ɗin da ba don wannan aiki aka yi shi ba yakan kwana biyu bai ba mai shi kunya ba. Shi ya sa gardamar masu aikin famfo kan wanne ya fi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kowa yana da shaidarsa, domin kowa ya cika baho, ya leƙa ƙasa ya ga wuri a bushe, ya tattara kayan aikinsa ya yi gaba. Abin da ya biyo baya, watanni ko shekaru bayan nan, galibi ba shi ake kira ya gani ba. Wani ake kira, shi kuma ya tarar da bakin magudana a tsage, ya ce ai kayan ne ba su da kyau, ya sa sabo, ya shafa masa irin abin da ya kashe na farkon.

Tare ruwa a wannan wuri ba aiki ne mai wuya ba. Baho cike, da ƙyar zurfin ruwansa ke wuce santimita 40, alhali ruwan famfo yakan zo da matsin da ya yi daidai da na ruwa mai tsayin mita 20 ko fiye. Wato abin da ke danna bakin magudana bai wuce kashi 1 cikin 50 na abin da bututun famfo ke ɗauka dare da rana ba. Wanda ya shiga neman abin liƙin da ya fi ƙarfin kamu, ya saki hanya tun daga nan. Abin tambaya shi ne, wanne ne zai shekara da shekaru a manne da waɗannan robobi bai cuce su ba, kuma wanne ne zai bi su duk inda suka motsa?

Da gangan na ce robobi. Kalmar roba a bakinmu ta haɗiye abubuwa da yawa: bokiti roba, taya roba, bututu roba, kamar duk kanwar ja ce. A ɗan wurin nan da bai kai tafin hannu ba kuwa, ana iya samun iri 3 ko 4 a haɗe, kowacce da halinta. Bahon kansa, in ba na ƙarfe ba ne, yawanci akirilik ne, wanda masana ke kira PMMA, robar da kamfanin Otto Röhm na Jamus ya fito da ita da sunan Plexiglas a 1933. Ana ɗumama faifanta mai kaurin milimita kaɗan har ya yi laushi, a zuƙo shi cikin kwarmi mai siffar baho, sannan a ƙarfafa bayansa da zaren gilashi. Akwai kuma bahon da faifansa wata roba ce mai tauri da ake kira ABS, an yi masa 'yar siririyar fatar akirilik a sama don sheƙi. Bakin magudanar, wato zoben nan mai leɓe da ke zaune a ramin baho tare da gwiwar da ke karɓarsa daga ƙasa, yana iya zama na tagulla, ko na robar ABS, ko PVC, ko wadda ake kira PP. Tsakanin gwiwar da gindin baho kuma akwai washa ta roba mai taushi. Duk abin da aka matsa a ƙarƙashin leɓen nan zai taɓa baho, zai taɓa bakin magudana, rararsa kuma za ta gangara ta iske washa. In ya dace da biyu ya saɓa da ɗaya, bai dace ba.

Inda mutane da yawa ke ruɗuwa shi ne sheƙi. ABS ita ce robar da ta fi karɓar rufin kurom, don haka sai ka ga bakin magudana yana walƙiya kamar ƙarfe alhali cikinsa roba ce zalla. Kama da wane ba ta wane. A ɗaga shi a ji nauyinsa, a juya bayansa a duba inda rufin bai kai ba. Masu ƙera kaya sukan buga sunan robar a jikinsu, kamar >ABS< ko >PP<. In babu tambari, guntun robar da kofin ruwa sun isa. Idan aka ɗauki nauyin ruwa a matsayin 1, PP tana wajen 0.9, don haka tana tasowa sama. ABS tana wajen 1.05, tana nutsewa a hankali. PVC kuwa wajen 1.4 take, kai tsaye take yin ƙasa.

To me abin liƙi zai yi wa roba mai tauri har ya tsaga ta? A nan gizo ke saƙa. Akirilik da ABS da PVC, in an shiga can cikin jikinsu, dogayen zaruruwa ne na sinadari da suka cukurkuɗe ba tsari, kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Cukurkuɗewar nan ita ce ƙarfinsu, amma tsakanin zaruruwan akwai 'yan gurabe. Idan aka ɗaure noti, robar tana cikin ja, guraben suna ɗan buɗewa. Sai wani mai ko wani ruwan sinadari ya samu ya kutsa, ya sa zaruruwan su riƙa santsi suna zame wa juna. Wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta fara, man ya bi ta zuwa ƙarshenta, ya sassauta na gaba, tsagar ta ƙara taku ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan ƙadangaren in ya shiga shi ke ƙara buɗa bangon. Abin lura, sinadarin ba narkar da robar yake yi ba. Ka jefa guntun ABS cikin man ya kwana biyu ka ciro shi lafiya lau. Ka ɗaure shi tam ba tare da man ba, shi ma lafiya lau. Haɗuwar biyun, da tsawon lokaci, ita ke kisa.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce a wurin injiniyoyi. Tun wajen shekarun 1950 masu binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka suka yi fama da ita, lokacin da robar da ake yi wa wayoyin tarho riga da ita ta riƙa darewa in ta haɗu da sabulu da makamantansa. Gwajin da suka ƙirƙiro, na lanƙwasa 'yar robar a tsoma ta cikin ruwan sinadarin wanki a ga yaushe za ta tsage, har yau ana yin sa a ƙarƙashin lambar ASTM D1693. A harkar bututun CPVC, wato 'yar'uwar PVC mai jure ruwan zafi, ma abin ya kai kamfanin Lubrizol yana da jerin kayan liƙi da na shafawa da aka gwada aka tabbatar ba sa cutar da robarsa. Masu bahon wanka ba su da jeri ɗaya irin wannan. Takardar da ke cikin kwali da rubutun da ke bayan gwangwani su ne madogara.

Jan kuwa ba daga noti kaɗai yake zuwa ba. Roba takan fito daga masana'anta da ragowar ja a jikinta, na zafi da sanyin da ta sha wajen zubi. Ramin da aka huda a baho yana da 'yan zazzage a gefensa, kowanne mafarin tsaga ne. Sannan ga nauyi: lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, baho mai cin lita 150 zuwa 200 ga mutum a ciki, gindinsa dole ya ɗan lotsa, in an zubar ya dawo. Ga kuma zafi. Akirilik tana buɗewa kusan ninki 4 na yadda tagulla ke buɗewa in sun ji ruwan zafi iri ɗaya. A faɗin ramin da bai wuce milimita 52 ba, bambancin bai fi kaurin takarda ba, amma kullum ne, safe da yamma, shekara da shekaru.

Da wannan a zuciya, sai mu dubi foti. Fotin masu aikin famfo gari ne na farar ƙasa ko yumɓu da aka kwaɓa da mai, ko na 'ya'yan tsiron linsid, ko na kifi, ko wanda aka tace daga ɗanyen man fetur. Ba ya sandarewa, kuma nan ne kyansa yake: a murza shi kamar igiya, a zagaye ƙarƙashin leɓe, a ɗaure, a kwashe rarar da ta fito, a buɗe ruwa nan take. Bayan shekara 10 in za a kwance, sai ya saki ba faɗa. A kan bahon baƙin ƙarfe mai rufin tangaran da bakin magudana na tagulla, foti ya yi wa iyaye da kakanni aiki, kuma har gobe ban ga abin da ya fi shi a can ba. Ƙarfe ba ya shan mai, ba ya lotsawa.

A kan roba laifinsa biyu ne, mutane kuma na farkon kawai suka fi sani. Na farko shi ne man, wanda ke tsatsowa a hankali ya shiga ABS ko akirilik daidai inda jan ya fi yawa. Shi ne dai man da ke barin baƙin zobe a jikin marmara da dutsen giranit, shi ya sa bayan gwangwanin foti na gargajiya za ka ga an rubuta kada a sa shi a kan roba ko dutse mai shan ruwa. Na biyu kuwa ba ruwansa da sinadari: foti ba shi da tsalle. In aka danne shi ya baje, ba ya dawowa. Duk lokacin da gindin baho ya lotsa, sai ya tunkuɗo ɗan foti waje. In bahon ya koma, gurbin ya zauna a buɗe. Ruwan zafi da sabulu kuma suna wanke man da ke bakin-bakin, ya bar busasshen gari mai marmashewa.

Amma a yi wa dattawan sana'a adalci. Wanda ya ce ya shekara da shekaru yana sa foti a bakin magudana na roba bai ga komai ba, ba lallai ƙarya yake ba. Wataƙila hannunsa ba shi da nauyi wajen ɗauri, jan bai kai inda mai zai yi ɓarna ba. Wataƙila yawancin abin da ya ɗaura PVC ne ko PP, waɗanda suka fi ABS haƙuri da mai. Wataƙila bahon an yi masa shimfiɗa mai kyau a ƙasa, ba ya lotsawa. Foti a kan roba caca ce da ake yawan ci. Matsalar ita ce ranar da aka faɗi, ruwan ba a fili yake zuba ba, ƙarƙashin baho yake bi, inda ba mai gani sai daɓe ko silin ɗin ƙasa ya nuna. Kuma idan takardar mai baho ta hana foti aka sa, garantin ya tafi.

Akwai fotin zamani da aka cire wa irin man nan, ana rubuta masa cewa ba ya ɓata dutse. Ya magance tabo, gaskiya ne. Sai dai rashin ɓata marmara daban, zama lafiya da ABS daban, kuma rashin tsallen yana nan. Ni a ganina, in ba a ambaci sunan robar da ke hannunka ƙarara a jikin gwangwanin ba, kada ka ɗauka da ita ake.

Silikon ya bambanta tun daga tushe. Ƙashin bayansa sinadarin da ke cikin yashi ne haɗe da iskar oksijin, ba man fetur ba. Frederic Kipping na Ingila ne ya raɗa masa suna a 1901, amma sai da aka kafa Dow Corning a 1943 ya fara zama kayan kasuwa sosai. In ya ƙame yana zama roba mai taushi da ke miƙewa ta dawo; wanda ke ɗauke da lamba 25 a ma'aunin ISO 11600 yana jure buɗewa da tsukewar da ta kai kashi 25 cikin 100 na faɗin gurbin. Lotsawar baho ba ta dame shi ba. Shi ya sa masu ƙera bahon akirilik da yawa shi suke nunawa.

To amma shi ma suna ɗaya ne a kan 'ya'ya da yawa, hanci kuma yana taimakawa wajen rarrabe su. Silikon yana ƙamewa ne ta hanyar shan danshin iska, yana kuma fitar da wani abu yayin ƙamewar. Wanda ya fi yawa yana fitar da ruwan tsami mai warin khal, mai hawa ido. Yana kama gilashi da tangaran kamar me, amma tsamin yana cin tagulla da tutiya da marmara, kuma kamunsa a kan robobi da yawa bai kai na 'yan'uwansa ba. Ba zan ce yana tsaga akirilik ba, mutane da dama sun yi aiki da shi lafiya. Amma a ƙarƙashin leɓen tagulla, inda tsamin ba shi da hanyar fita da wuri, ban ga dalilin zaɓensa ba. Akwai wasu iri biyu da ake kira marasa tsami. Ɗaya yana fitar da sinadarin oksim, wanda aka san yana tsaga robar polikabonet kuma yana iya sauya launin jan ƙarfe. Ɗayan, mai suna alkoksi, ɗan barasa yake fitarwa kaɗan, warinsa ba ƙarfi, kuma shi ne masu yin silikon suka fi nunawa don robobi masu saurin tsagewa. In da zaɓi, shi zan ɗauka.

Akwai wasu tarkuna biyu a nan da suka fi batun tsami muhimmanci. Silikon mai araha sau da yawa an tsinka shi da man da aka tace daga fetur don ya yi auki. Ka ga an gudu ba a tsira ba: man da aka guje wa a foti ya dawo ta taga, ga shi kuma yana sa abin ya tsuke in ya bushe. Shi ya sa rubutun nan na silikon 100 bisa 100 ba ado ba ne. Tarko na biyu shi ne abin cike kafa da aka kwaɓa da ruwa, wanda aka ɗiga wa silikon kaɗan aka buga sunan da manyan baƙaƙe. Alamarsa ana wanke shi da ruwa kuma fenti yana kama shi. Na gefen taga ne da bango, ba na wurin da ruwa ke kwana ba. A Turai lambar EN 15651-3 ce ke nuna an gwada abin liƙi don banɗaki. Maganin funfuna da ake sa wa irin waɗannan yana da amfani a gefen baho inda ido ke gani; a ƙarƙashin leɓe ba shi ne abin dubawa ba.

Sai PP, wadda Giulio Natta na Italiya ya samar a 1954. Ita halinta daban: zaruruwanta sun jeru a matse a wurare da yawa, don haka mai da sinadarai ba sa samun mashiga da sauƙi. Amma wannan halin ne kuma ya sa ba abin da ke kama ta. Ɗiga mata ruwa ka ga ya dunƙule yana gangarawa; haka silikon ke yi, ya ƙame a kanta, ka sa farce ka ɗaye shi kamar ɓawo. Masu ƙera bakin magudana na PP sun san haka, shi ya sa suke haɗo shi da washa biyu, ta sama da ta ƙasa, da sukuru a tsakiya mai jawo su su matse baho. Irin wannan ba ya neman komai daga gwangwani. Wanda ya jefar da washar sama ya cika wurin da silikon yana ganin ya inganta aiki, ya musanya abin da aka auna da abin da ba ya kamawa.

Wannan ya kawo mu ga wadda ta fi kowa aiki kuma ba a faɗin sunanta, wato washar ƙasa. Ita ce ainihin mai hana ruwa zuba a daɓe. Abin da aka shafa a ƙarƙashin leɓe aikinsa kawai ya hana ruwan baho sulalewa ta gefen murfi. Washar nan sau da yawa EPDM ce, roba mai jure ruwan zafi da sabulu shekaru, amma da ta haɗu da man fetur ko danginsa sai ta sha ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Basilin, giris, man inji, duk dangi ɗaya ne a wurinta. Akwai wata robar, nitiril, da ba ta damu da mai ba, sai dai dukansu baƙaƙe ne, ido ba ya raba su, don haka a ɗauka kowace washa mai tsoron mai ce. In dole sai an shafa mata wani abu, giris na silikon ne. Shi kuwa silikon na liƙi, kafin ya ƙame santsi ne da shi kamar yauƙi: a shafa wa washa fuska biyu a ɗaure, sai ta zame ta tsullo gefe guda, a zo ana mamakin yadda aka sa washa aka sa silikon kuma ana yoyo. A bushe aka yi ta ta zauna. Inda kawai nake ɗaga ƙafa shi ne idan bayan bahon yana da kaushi saboda zaren gilashi, washar ba ta kwanta daidai ba. Nan ma gara a fara goge kaushin da 'yar takardar yashi mai laushi a ga ko ta zauna.

Tiredi, wato layukan da noti ke bi in ana murza shi, shi ma yana da nasa ruɗanin. Iri biyu ne: mai tsukewa, wanda ke ƙara kauri kashi 1 cikin 16 yayin da yake shiga, shi ne ke toshe ruwa da kansa; da miƙaƙƙe, wanda aikinsa jawo abu biyu su matse washa. Na bakin magudanar baho, mai inci 1 da rabi, miƙaƙƙe ne. Naɗa masa farin tef ba ya hana yoyon da washa ta kasa hanawa. Tef ɗin PTFE ne, wanda Roy Plunkett ya gano bisa tsautsayi a kamfanin DuPont a 1938, kuma ta fuskar sinadari ba ruwansa da kowa. Laifinsa na hannu ne. Yana ƙara kauri, yana ƙara santsi, sai mai ɗauri ya kasa jin lokacin da ya kamata ya tsaya, ya yi ta murzawa har gwiwar roba ta shiga irin jan nan da muka ce shi ne rabin cutar. Kwaɓaɓɓen man tiredi kuwa, wani an yi shi don roba wani don ƙarfe kaɗai, sai an karanta. Wanda za a yi nesa da shi gaba ɗaya shi ne ruwan nan mai launi da makanikai ke ɗiga wa noti don kada ya kwance. Don ƙarfe aka yi shi, kuma masu yin sa da kansu suna gargaɗin yana tsaga roba.

Sauran kayan liƙi ba sa buƙatar dogon bayani. Poliyuritan yana kamu har ya wuce misali, ranar kwancewa sai an yi asarar wani abu, wasu nau'o'insa kuma suna da sinadaran da akirilik ba ta so. Polisalfaid, wanda masu jiragen ruwa suka sani, yana cin ABS da akirilik. Gam mai haɗi biyu da gam mai kamun nan take suna sandarewa kamar dutse, lotsawar farko za ta raba su da baho. Abin liƙi nau'in MS da kamfanin Kaneka na Japan ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970 yana da taushi kuma ba shi da tsami, amma yana ɗauke da sinadarin laushi, kuma ba kowanne aka amince ya zauna cikin ruwa ko ya taɓa akirilik ba. Takardarsa ce alƙali. Gam ɗin bututu kuma ba abin cike kafa ba ne sam. Narkar da fatar bututu yake yi su zama jiki ɗaya, na PVC daban, na ABS daban, akwai na uku na haɗa su biyun, PP kuwa ko a jikinta. Ɗigo ɗaya a kan akirilik tabo ne na har abada.

Wani abin takaici, sau da yawa ɓarnar kan faru tun kafin a buɗe abin liƙin, wajen share wuri. Asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, yana narkar da ABS, yana dusashe akirilik. Ruwan tsinka fenti da fetur da kananzir duk suna barin abin da zai kutsa. Barasa mai ƙarfi ma tana sa akirilik da ke cikin ja ta yi 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo, gefen rami kuwa nan jan ya fi taruwa. Ruwan ɗumi da sabulu, da abin kankara na roba ba wuƙa ba, sannan a bari ya bushe ƙayau. In tsohon foti ne a wurin, a wanke maiƙonsa sau biyu, domin silikon ba ya kama wuri mai maiƙo.

Wajen sawa, kaɗan ya fi. Zobe ɗaya siriri mara yankewa a ƙarƙashin leɓe, a ɗaure da hannu har washa ta kama, a ƙara ɗan juyi da abin ɗauri, a tsaya. Sannan a jira, jiran da ya fi wanda aka saba. Silikon daga waje yake ƙamewa zuwa ciki, kimanin milimita 2 zuwa 3 a awa 24 in zafi yana digiri 23 kuma danshin iska rabi ne. Ƙarƙashin leɓe kuwa ba ta inda danshi ke shiga sai ta gefe, don haka fatar da ta yi tauri a waje ba shaida ba ce. Awa 24 ita ce mafi ƙaranci, in iska ta bushe ko ana sanyi a ninka. A kuma duba ranar da ke gindin bututun silikon ɗin. Wanda ya wuce wa'adinsa yakan ƙi ƙamewa ƙememe, ya zauna yana danƙo, kwashe shi kuma ya fi sa shi wahala.

Gwajin ƙarshe yana faɗin wanda ya gaza in an san yadda ake sauraronsa. A rufe murfi, a cika baho, a yi alama a bakin ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takardar tishu a ƙarƙashin gwiwa. Idan ruwa ya ragu amma tishu a bushe, murfin ne ko liƙin leɓe, ruwan yana bin tiredi ya faɗa bututu. Idan tishu ya jiƙe tun murfi na rufe, ruwa ya wuce leɓe kuma washa ba ta tare shi ba, su biyun ke nan. Idan bai jiƙe ba sai da aka saki ruwa, a duba washa da mahaɗan bututu, kada a taɓa leɓe. Idan sai baho ya cika har kafar rarar ruwa ta sama ake ganin laima, washar can ce. Ana so a maimaita da mutum tsaye a ciki kusa da ramin, domin akwai yoyon da ba ya fitowa sai gindin baho ya lotsa.

In kuwa an kwance an tarar gwiwa ko leɓe ya riga ya tsage, cusa silikon a tsagar ɓata lokaci ne, domin man yana cikin jikin robar kuma tsagar tafiya take yi. A sauya shi. Kafin a ɗaura sabon, a haska gefen ramin bahon da tocila daga kaikaice, a nemi 'yan siraran layuka da ke fita daga ramin kamar gashin bakin kyanwa. In suna nan, man ya taɓa bahon shi ma, kuma leɓen da za a nema sai mai faɗin da zai rufe su duka.